Hasken da ido ba ya gani: wace filta ce ta dace da ranar Garwa?

Da tsakar rana a watan Satumba, wanda ya tsaya a kan gadar Binuwai a Garwa zai ga kogi ya cika ya batse, ruwansa ja-ja-ja da laka, masu kwale-kwale suna ratsa shi, darbejiya da mangwaro sun yi duhu a gaɓa. Wuri ne da ya cancanci hoto, amma duk mai sana'ar hoto a garin ya san wannan sa'a ba tasa ba ce. Garwa tana kusan digiri 9 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana kan tsaya a tsakar ka, ta zuba wa mutum inuwa a ƙarƙashin ido, ta ƙone farar riga har a rasa ɗinkin da ke wuyanta, ta mai da sama fari fat kamar takarda. Daga hantsi zuwa la'asar sakaliya kyamara tana cikin jaka, mai ita yana ƙarƙashin inuwa yana jiran rana ta yi sanyi.

A wannan sa'ar da aka yafe, idan aka ɗaura wa bakin kyamara wani gilashi baƙi wuluk wanda ido ba ya iya ratsa shi, hoton da zai fito wani abu ne daban. Ganyen darbejiya zai yi fari kamar tarin auduga a kasuwar ƙauye lokacin awo, sama ta yi duhu, giragizai su fito da jijiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan hotuna, masu fararen bishiyoyi ko masu ruwan hoda, sun yawaita a Facebook da Instagram, kuma matasan masu hoto na Garwa da Marwa da Yola, waɗanda wayar hannu ta cinye musu rabin kasuwa, suna da dalilin tambayar da me ake yin su, nawa kuma za a kashe. Amsoshin da ke intanet suna da yawa, sai dai kusan dukansu an rubuta su ne don ƙasashen da ciyawa ke kore wata shida ko fiye, inda ba a san hunturun ƙura ba, ba a kuma san zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ba. Wanda ya bi su ido rufe zai sayi abin da ya dace da lambunan Ingila. A arewacin Kamaru, kalandar manomi ce ya kamata ta zaɓa wa mai hoto filtarsa, yanayin ƙasar kuma ya zaɓa masa kyamara.

Abin da ke bayan ja

A 1800 masanin taurari William Herschel, haifaffen Jamus mazaunin Ingila, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku har ya fito da launukan bakan gizo, sannan ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafin ya ƙaru. Wannan haske ne ake kira infirared, wato hasken da ke bayan ja. Ana auna tsawon zangon haske da nanomita: idon mutum yana gani daga kusan 400, wajen shuɗi, zuwa kusan 700, wajen ja. Sensar da ke cikin kyamarar zamani, wadda aka yi da silikon, tana ci gaba da gani har kusan 1,100. Tsakanin 700 da 1,100 ɗin nan shi ne filin da ake magana a kai.

Dalilin da ya sa ganye ke fari a wannan fili shi ne ginshiƙin duk zancen. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske don ya dafa abincinsa, amma hasken bayan ja ba shi da amfani a gare shi, sai ƙwayoyin cikin ganyen su watso shi waje, kusan rabin abin da ya sauka a kansu. Masanin Amurka Robert Wood ne ya fara buga irin waɗannan hotuna a 1910. Sojoji suka gane amfanin abin a Yaƙin Duniya na Biyu: tankar yaƙi da aka shafa wa koren fenti tana iya ɓoye wa ido a cikin daji, amma ba ta watsa hasken bayan ja yadda ganye mai rai ke yi. Daga nan kamfanin Kodak ya samar da fim ɗin da daga baya ya shahara da sunan Aerochrome, mai mai da ganye ja ko ruwan hoda. An daina yin sa a 2009, kuma da ragowarsa ne mai hoto ɗan Ayilan Richard Mosse ya ɗauki yaƙin gabashin Kwango, aikin da ya wakilci ƙasarsa a baje kolin fasaha na Banis a 2013. Yawancin hotuna masu ruwan hoda da ke yawo a waya yau kwaikwayon launin wannan fim ne.

Akwai ruɗani ɗaya da ya kamata a kawar tun da wuri, don yana sa mutane asarar kuɗi. Wannan kyamara ba ta ganin zafin jiki, ba ta kuma gani a duhu. Na'urar da ke nuna mutum ko dabba suna ƙyalli da dare tana aiki ne da zango mai tsawon nanomita 8,000 zuwa 14,000, da wata sensa daban mai tsadar gaske. Kyamarorin tarko da masu gandun daji ke ɗaure wa a jikin bishiya, irin waɗanda ake ƙidayar namun daji da su a wurare kamar Benuwe da Faro da Buba Njida, suna haɗa abu biyu ne: wata 'yar na'ura mai jin motsin ɗumi ta tada kyamarar, sai fitilu masu nanomita 850 ko 940 su haska dabbar ba tare da sun firgita ta ba. Ɗalibin Makarantar Namun Daji ta Garwa, wadda ke horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci tun 1970, yana buƙatar irin waccan. Mai hoton da ke kan gadar Binuwai rana yake buƙata, kuma ita ce abin da ya fi komai yawa a garin.

Kyamara tukuna

Kowane kamfani yana saka wani siririn gilashi a gaban sensa don ya tare hasken bayan ja, domin in ba haka ba launuka za su lalace, baƙar riga ta koma ruwan ƙasa. Gwada ƙarfin wannan gilashi ba ya buƙatar ko sisi. A ɗauki rimot ɗin talabijin, a nuna bakinsa ga kyamara, a danna kowane maɓalli ana kallon allo. Idan ɗan ƙwan da ke bakin rimot ya yi haske sosai, fari ko ruwan shanshanbale, kyamarar tana barin hasken ya shiga. Idan da ƙyar ake ganin sa, gilashin cikin mai ƙarfi ne.

Hanya mafi araha, wadda kusan kowane rubutu ke fara ba da shawararta, ita ce a bar kyamara yadda take, a sayi filta irin Hoya R72 a ɗaura a bakin lensi. Tana aiki, amma a duba me ke faruwa: filtar waje ta tare hasken da ido ke gani, gilashin ciki ya tare yawancin wanda ya rage, sai ɗan abin da ya tsira ya riƙa ɗiga kamar ruwan famfo a watan Maris. Dole a bar kyamara buɗe daƙiƙa goma, ashirin, wani lokaci talatin, tana kan ƙafa-uku. A ƙasa mai sanyi wannan ƙaramar wahala ce. A Garwa kuwa matsala ce mai kai biyu. Sensa tana ƙara datti a hoto gwargwadon zafinta, kuma baƙar kyamara da aka dasa a rana tsaka tana ɗaukar zafi har ta gagari riƙo, sai hoto ya fito da ɗige-ɗige kamar an watsa masa gero. Sannan a cikin daƙiƙa ashirin iska ta kaɗa ganye, kwale-kwale ya wuce, saniya ta juya kai. Wannan hanya ta isa mutum ya ɗanɗana ya ga ko abin ya kwanta masa, amma ba a gina sana'a a kanta a ƙasar da ma'aunin zafi ke wuni sama da 30.

Hanya ta biyu ita ce a buɗe kyamarar a cire gilashin ciki. Daga nan ana ɗaukar hoto da hannu, cikin ƙiftawar ido, kamar kowane hoto. Kamfanoni irin Kolari Vision da LifePixel a Amurka suna yin wannan aiki a kan dala ɗari biyu da wani abu zuwa ɗari uku da wani abu, wato abin da ya tasam ma sefa dubu 150 zuwa 200, ban da kuɗin aikawa da na kwastan. Ga mai hoto a Garwa, aika kyamararsa ɗaya tilo ƙetare ta yi wata biyu ba magana ba ce. Abin da ya fi hankali shi ne a nemi tsohuwar kyamara ta hannu wadda aka riga aka yi wa aikin, ta hanyar ɗan'uwa a Faransa ko abokin ciniki mai zuwa Dubai. Tsufanta ba aibi ba ne, tunda a rana mai ƙarfi kyamarar da ta shekara goma tana ba da hoto mai tsabta. Masu gyaran waya da ke da hannu suna iya buɗe ƙaramar kyamara su cire gilashin, amma a san cewa ƙwayar ƙura ɗaya da ta maƙale a kan sensa lokacin aikin za ta zauna a kowane hoto har abada, kuma in ba a mai da wani gilashi mai kauri ɗaya a gurbin ba, kyamarar na iya kasa saita abin da ke nesa. Wanda zai gwada, ya gwada da damina, a ɗaki rufe, a kan kyamarar da ba zai yi kukan rashinta ba.

Wajen cirewar ma akwai zaɓi. Ana iya maye gurbin gilashin da filta ta dindindin, ko a sa gilashi garau mai barin kowane haske ya shiga, sannan a riƙa canza filta a bakin lensi. Na biyun ne ya dace da nan, saboda dalilin da zai bayyana a ƙasa: filta ɗaya ba ta ɗaukar shekarar arewacin Kamaru daga farko zuwa ƙarshe. Sharaɗinsa shi ne kyamarar ta zama marar madubi. A tsohuwar kyamara mai madubi, da zarar an ɗaura baƙar filta mai hoto ya makance a tagar leƙe, kuma na'urar saita hoto tana kuskure, domin hasken bayan ja ba ya haɗuwa a daidai inda hasken ido ke haɗuwa. Shi ya sa tsofaffin lensi na zamanin fim ke da ɗan jan ɗigo kusa da ma'aunin nisa. Marar madubi tana saita hoto daga kan sensa kai tsaye, abin da ta nuna a allo shi za a samu.

Lambobi huɗu da kalandar manomi

Filtocin da ake sayarwa ana kiran su da lambar zangon da suke fara barin haske ya wuce: 590, 665, 720, 850. Mai 590 tana barin ruwan lemo da ja su shiga tare da hasken bayan ja, saboda haka tana ba da launuka masu yawa. Mai 850 ba ta barin komai na ido, hotonta baƙi da fari ne tsantsa. Mai 720 tana tsakiya, ita ce kuma ake cewa kowa ya fara da ita. Shawarar ba ta da laifi, amma rabin shekara kawai ta ɗauka.

Daga Yuni zuwa farkon Nuwamba, lokacin da ruwan sama na kusan milimita 1,000 da Garwa ke samu ya tada komai, 720 ba ta da na biyu. Gonakin auduga da masara da gyaɗa sun rufe ƙasa, tsaunin Tingelin ya yi kore, ruwa ya wanke sama, giragizan yamma sun taru. Makonnin ƙarshen damina su ne kakar wannan sana'a, kuma wanda ya je tafkin Lagdo, bayan madatsar da aka kammala a 1982, zai ga tsibirai farare a kan ruwa mai duhu. Gyara ɗaya dai za a yi wa littattafai a nan. Suna cewa ruwa baƙi yake fitowa, gaskiya ne ga ruwa garau, amma Binuwai ta watan Agusta laka take ɗauke da ita, laka kuma tana mai da haske, don haka toka-toka za ta fito.

Rani ne ke tona asirin shawarar da aka aro. Mutum zai zaci busasshiyar ciyawa baƙa za ta fito tunda ta mutu, amma ba haka ba ne: karan dawa da busasshiyar ciyawa da yashi duk suna mai da hasken bayan ja gwargwado. A hoton 720 ko 850 na watan Fabrairu, ƙasa fari-fari, bishiya fara, komai ya cakuɗe kamar an zuba gari a kan gari. Abin da ya raba mai rai da matacce shi ne ja: ɗanyen ganye yana shanye shi, busasshe yana mai da shi. Filtar da ta tare ja gaba ɗaya ta zubar da rabin shaidar ke nan. Mai 590 ko 665, wadda wasu ke ɗauka ta wasan launi ce, ita ke riƙe da shaidar biyu, sai ɗanyen ganye ya fito da launinsa daban, busasshe da nasa.

Kuma ranin arewacin Kamaru ba fanko ba ne, a nan ma abin ya fi daɗin kallo. Gawo, bishiyar da ta saɓa wa kowa, tana zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, sai a gan ta tsaye ita kaɗai a tsakiyar gonar da aka girbe, shanu a ƙarƙashinta suna jiran 'ya'yanta su faɗo. Masakuwa, dawar da ake dasawa a baƙar laka bayan ruwa ya janye, tana shimfiɗe kore a filayen Diyamare da kwarin Binuwai daga Oktoba har girbinta wajen Fabrairu, ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Ga lambunan albasa a bakin kogi, ga layin bishiyoyin da ke bin rafi ko da ya ƙafe, suna nuna inda ruwa ya kwanta a ƙarƙashin yashi. Inda wutar daji ta ci kuwa baƙi ƙirin yake fitowa, iyakarsa a fili kamar an ja ta da alƙalami. Hoton da ya raba waɗannan daga busasshiyar ƙasa ya wuce ado, ya zama taswirar inda rai ya rage a watan da ya fi tsanani.

Saboda haka filta biyu ne jarin: 720 don damina, 590 ko 665 don rani. A sayi masu faɗi, kamar milimita 77, da zobban rage baki masu araha, yadda filta ɗaya za ta hau kowane lensi. A yi hattara da marasa suna, domin akwai jan gilashi mai duhu kawai da ake buga wa lamba 720, araha kuwa ba ta ado. Kada kuma a kalli rana ta cikin baƙar filta: ido yana ganin duhu sai ya buɗe, alhali hasken da ke ƙona shi yana wucewa.

Hazon hunturu

An san hasken bayan ja da ratsa hazo, har ana nuna hotunan tsaunuka masu nisa da suka fito tar. Wanda ya ji haka zai ɗauka ya sami maganin Disamba da Janairu, lokacin da ƙurar kwarin Bodele na Chadi ke rufe Garwa har jirage su kasa sauka. Zai sha mamaki. Hazon da wannan haske ke ratsawa shi ne shuɗin hazo na iska da hayaƙi, mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ke tarwatsa gajeren zango su bar dogo ya wuce. Ƙwayar ƙurar hunturu ta fi su girma nesa ba kusa ba, tana tare dogo da gajere kusan daidai. Filta mai 850 za ta taimaka a ranar hayaƙin ƙona daji, za ta fito da duwatsun Rumsiki ko Haƙorin Mindif daga nesa a rana mai ɗan dishi-dishi, amma ranar da buji ya sauka sosai, sama fara za ta fito, bishiya fara, babu abin da ya rage na hoto.

Ƙurar ce kuma ke yanke hukunci a kan lensi. Duk canza lensi a fili buɗe ƙofa ne ga ƙura, don haka gara a sami ɗaya mai kyau a bar shi a jiki. Tsada ba ta nuna mai kyau a nan. Lensi da yawa, har da manya, suna jefa wani farin tabo a tsakiyar hoton infirared, saboda fentin cikinsu da shafin gilashinsu an yi su ne don hasken ido. Sau da yawa ɗan lensin da ke zuwa da kyamara, ko tsoho na zamanin fim, ya fi su tsabta. Gwajin minti biyar ne kafin a biya kuɗi: a ɗauki bango ko sama a f/4, a f/8, a f/16, a duba tsakiya. Tabon yana ƙaruwa idan an ƙuntata ƙofar haske, tabon ƙura ma haka, kaifin hoto kuma yana raguwa da wuri a dogon zango, dalilai uku ke nan na tsayawa wajen f/8 ko ƙasa. Sauran kaya ƙanana ne: murfin inuwa na bakin lensi, famfon iska na roba, farin ƙyalle da za a yafa wa kyamara, batir na biyu. A ɗauki hoto a tsarin RAW, a saita farin hoto a kan ɗanyen ganye mai rana, in ba haka ba komai ja zai fito kamar an tsoma shi a manja.

Mai 850 tana da wani aiki da ba na daji ba, wanda watakila ya fi duka daraja. Tawadar gawayi da ƙaro tana shanye hasken bayan ja ta zauna baƙa, alhali tabon ruwa da jan tsufa na takarda sukan dushe. Da wannan dabara, tun shekarun 1950, aka karanta sassan tsofaffin rubuce-rubucen Tekun Gishiri da suka yi baƙi. A gidajen malamai da fadojin lamido na Garwa da Marwa da Rai Buba akwai takardun Larabci da ajamin Fulatanci da na Hausa da damshi da hayaƙi suka ci. Shafin da ido ya gaza, kyamara a kan ƙafa-uku kusa da taga tana iya dawo da shi. Tawadar da aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe kuwa tana yin haske-haske a wannan zango, wanda shi ma labari ne, don yana nuna inda wani hannu ya ƙara rubutu da wata tawada.

Masu ja da magana

Na farko zai ce manhajar waya tana mai da bishiya ruwan hoda kyauta, me ya kai mutum kashe dubu ɗari biyu? In ado kawai ake nema, ya yi gaskiya, kuma mai son hoton da zai tara yabo a Instagram ya riƙe kuɗinsa. Amma manhaja kore take nema ta canza, ba ta san rai ba. Koren kwano da koren ganye ɗaya ne a wurinta, ganye mai ƙura da ya yi fari-fari kuma sai ta tsallake shi. Abin da kyamarar ba ta ɗauka ba, babu manhajar da za ta ƙirƙiro shi ya zama shaida.

Na biyu ya fi nauyi: taurarin ɗan adam suna wannan aiki tun Landsat na farko a 1972, kuma Sentinel-2 na Turai, tun 2015, yana ba da hoton kowace gona kyauta duk bayan 'yan kwanaki, da zango kusa da 840. Haka ne, kuma injiniyan kamfanin auduga na Sodecoton ko mai bincike a cibiyar binciken noma ta IRAD da ke son sanin halin auduga a faɗin yanki can zai duba. Sai dai ɗigo ɗaya a hoton Sentinel mita goma ne a ƙasa, bai san ɗan gawon da manomi ya bari ya tsiro ba, kuma a watan Agusta, lokacin da aka fi buƙatarsa, giragizai sukan rufe masa ido. Hoton ƙasa yana cike wannan giɓi, yana kuma magana da wanda ba ya karanta taswira. Kamaru ta dasa bishiyoyi a ƙarƙashin shirin Sahel Vert tun zamanin Ahmadu Ahidjo, ta farfaɗo da shi a 2008, kuma tambayar da ke bin kowane irin shiri ita ce nawa suka rayu. Hoton wuri ɗaya daga dutse ɗaya a kowane watan Maris, shekara biyar a jere, amsa ce da ba ta buƙatar tafinta. Ga ɗalibin Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, ƙofar ma ta fi haka araha: 'yar kyamarar Raspberry Pi NoIR, da ta fito tun 2013 ba tare da gilashin tarewa ba, kuɗinta bai kai sefa dubu ashirin ba a inda ake yin ta.

Na uku mai hoton biki ne, kuma tambayarsa ta kasuwa ce: amarya za ta biya? Da wuya. Baƙin fata ba ya shanye hasken bayan ja yadda yake shanye na ido, don haka fuska takan fito fari-fari, sumul kamar kakin zuma, ido ya yi duhu, jijiyoyi su bayyana. Rini da yawa, har da shuni, sukan dushe, sai babbar riga mai duhu ta koma fara, atamfar da aka zaɓa da tsada ta rasa zanenta. A garin da man bilicin ya riga ya zama annoba, sayar wa mutane hoton da ke mai da su farare ba abin alfahari ba ne. Kasuwar wannan hoto tana wajen otal-otal da masu yawon buɗe ido, da ƙungiyoyin dashen itace da ke son shaidar aikinsu, da masu adana takardu. Ƙarama ce, kuma wanda bai da kyamara ta biyu kada ya taɓa ta farko, sai dai in zai sayi filtar da ke mai da ita yadda take don aikin yau da kullum.

Na huɗu ba a cika faɗarsa da ƙarfi ba, amma shi ne zai iya rufe ƙofar gaba ɗaya. Wasu yadudduka marasa kauri, musamman na roba, hasken bayan ja yana ratsa su a rana mai ƙarfi. A 1998 kamfanin Sony ya canza kyamarorinsa masu NightShot saboda wannan, a 2020 kuma OnePlus ya kashe wata kyamara a wayarsa bayan irin wannan ƙorafi. An zuzuta abin fiye da yadda yake, tufafin auduga mai kauri ko mai ninki ba ya nuna komai, amma a garin da mata ke wanka da wanki a bakin kogi, jita-jita ɗaya ta isa ta jawo wa duk mai riƙe da kyamara duka. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kuma masu sana'ar ne ya kamata su ɗora wa kansu kafin wani ya ɗora musu: wannan kyamara ta bishiya ce da dutse da takarda, ba a nuna ta ga mutum sai da saninsa, a kuma nuna masa abin da ta ɗauka a allo nan take. Haka nan a nisanci filin jirgin sama da barikoki, a nemi izinin mai gona da na jauro, wato mai gari, kafin a kafa ƙafa-uku, a biya kuɗin hoto a ƙofar gandun daji. Baƙin gilashi a bakin kyamara yana jawo tambaya a shingen jandarma, kuma amsar da ta fi saurin gamsarwa ita ce a juya kyamarar ga darbejiyar da suke zaune a ƙarƙashinta, a miƙa musu su leƙa.